Hannun da Ke Cikin Hotunan Baba

Baba mai gyaran agogo ne, kuma tun kafin in yi wayo yake da shafi a intanet. Duk agogon da ya ba shi wahala sai ya ɗauki hotonsa a buɗe, ya rubuta yadda ya shawo kansa. Mutanen nesa suna tambaya a ƙasan rubutun, yana amsa musu.

Ina aji huɗu hannunsa ya fara rawa, hantsaki ya daina zama tsakanin yatsunsa. Na bar makaranta na koma shago, shi yana faɗa, ni ina kwancewa ina ɗaurawa. Daga lokacin, duk hannun da ya fito a hotunan nawa ne. Na roƙe shi kada ya gaya wa kowa, domin ni ko gaisawa da baƙo nauyi take mini. Ya riƙe alkawari.

Bana kamfanin da ke riƙe da shafin ya sanar cewa zai rufe, komai zai goge. Yayana ne ya kai maganar laburaren gari, inda ake tara tsofaffin shafuka saboda masu binciken tarihi na gaba. Wata malama daga laburaren ta zo da kwamfutarta, ta zauna a bencin masu jira, ƙarƙashin agogunan bangon da kowanne ke faɗin nasa lokacin. Ni ina teburina, na ba su baya.

Ta kwafe komai, har da gardamar da Baba ya taɓa yi da wani mai karatu a kan man agogo.

"Har zagin da ya yi mini za ku ajiye?" in ji Baba.

"Har shi, Baba. Na bayanmu za su so su ga yadda ake faɗa a zamaninmu."

"To ki rubuta cewa ni ne da gaskiya."

Ta yi dariya, sannan ta ce saura bayanin hotuna. "Na sa: hannun mai shago yana aiki. Haka ne ko? In na rufe, ya zauna ke nan, ba ma taɓa abin da muka adana."

Baba ya ɓoye hannayensa cikin riga. "Wannan ba ni zan amsa ba, Malama. Akwai alkawari a wuyana."

Yaya ya ce, "In Sarkin Kunya kike jira, sai ranar da agogunan nan suka yarda da juna."

Na waiwaya kaɗan, na hango hoton: yatsu biyu riƙe da hantsaki, da tabon da wata waya ta bar mini a babban yatsa. Wanda ba a haifa ba tukuna zai kalli wannan hoto, ya tafi da cewa mace ba ta taɓa zama a teburin nan ba. Kuma alkawarin da na roƙa da bakina ne zai sa ya yi kuskuren.

Na tashi, na matsa wajen Malama. Na ajiye hannuna kusa da kwamfutar.

"Nawa ne."

Malama ta dubi tabon, ta dubi hoton. "Duka?"

"Ban da na farko-farkon."

"To me zan rubuta, ƙanwata?"

"Ki ce 'yarsa ce. Shi ya koya mata."

"Ki ƙara cewa ta fi shi," in ji Baba.

"Kai, Baba!"

"Uwata, tarihi ne fa, ba a ƙarya a ciki."

Malama ta rubuta, ta karanta mana da ƙarfi, sannan ta rufe. Yaya ya riƙe baki yana kallona kamar yau ya fara ganina.

Tana fita wani dattijo ya leƙo da agogo a tafin hannu, yana tambayar ina mai gyaran. Baba ya buɗe baki zai amsa kamar kullum, na riga shi.

"Sannu da zuwa. Kawo in gani."