Hular Hashim

Duk unguwar Mafoni babu mai bugun hula kamar Baba Ba'ana. Mutumin da ruwan ambaliya ya kai masa wuya ya fito da mabuginsa a ka, ai ba a gwada shi da yaran zamani. Bai taɓa zama aji ba, amma idonsa ba ya kuskure.

Ran nan 'yarsa Hajara ta zo gaishe shi da ɗiyarta Gumsu, 'yar shekara biyar. Yana sauke mabugi kan hula, sai yarinyar ta durƙushe ta rufe kai da hannu biyu.

"Tashi, shashasha," in ji uwar, ta kai mata rankwashi. Sai kuma ta tsaya tana kallon hannun nata, kamar na aro.

Baba ya ga yatsunta biyu sun kumbura. Hajarar da ko kaza ba ta iya kora.

"Mijinki Hashim ne?"

"Baba, ƙofa ce."

"Ƙofar ce ta koya miki dukan 'yarki?"

Ta fashe da kuka. Wai in yamma ta yi, takan toshe wa Gumsu baki kar ta yi motsi uban ya ji, har yarinyar ta daina magana.

Hashim kuwa ɗan gaye ne, mai shagon yadi a Kasuwar Litinin, gara ya fita ba takalmi da ya fita ba hula. Baba ya same shi cikin abokansa.

"Baba, sannu da zuwa, ga kujera."

Tsohon bai zauna ba. Ya miƙa hannu ya cire masa hula a gaban jama'a, abin da ko mahaukaci ba a yi wa.

"Kan da ke dukan mace bai kai ya ɗauki wannan ba. 'Yata da jikata suna gidana. In kana son hularka, zo Mafoni ka karɓa, in ka isa."

Hashim bai zo ba. Masu wankin hula kaf suka ƙi taɓa hulunansa, don rabinsu Baba ya koya wa aiki.

Wata rana da safe Baba ya kifa hular Hashim kan katako, ya miƙa wa Gumsu ƙaramin mabugi. Ta dubi uwarta. Hajara ta ɗora kumburarren hannunta kan nata, suka sauke tare.

"Kaka," in ji Gumsu, "a ƙara?"

"Ƙara, uwar gida. Har sai ta yage."