Rijiyar Hamida ce ta rufta, ba tawa ba

Shekara goma sha tara ina noman dankalin turawa a Bonkuku, rijiyar garkata, wato lambun da nake ban ruwa, ba ta taɓa ƙafewa ba. Amma bana da motar purje, masu aikin tallafa wa manoma, ta zo rabon iri, aka kira kowa ban da mu, mata goma sha ɗaya na ƙungiyarmu. Mai rabon ya ce takarda ta nuna garkunanmu ba ruwa, kuma ba a ba marar ruwa iri.

Na ja shi har bakin rijiya, na jefa guga, na juye mishi ruwan bisa takalmi. Ya ce shi dai abin da aka rubuto daga Filinge yake bi.

Na riga na gyara ƙasa, na zuba taki. Dankali kuwa in sanyi ya wuce ba ka shuka ba, shekara ta tafi. Washegari na shiga mota sai Filinge.

A buro, wato ofis, na iske shugaban purjen, wanda suke ce wa Mushe Zakari, yana shan shayi.

"Inna, na'ura ba ta ƙarya," in ji shi.

"To ni ce maƙaryaciyar ke nan? Kira min na'urar ta faɗa a gabana."

Ya kira Nafisa, wadda ta tsara musu lissafin sunaye cikin ordinatar, wato kwamfuta. Ta zauna tana danne-danne, can na ga ta dafe baki.

"Mi kika gani?"

"Inna Haske, laifina ne. Sa'ad da na shigar da ƙungiyarku, bayanin garkar ɗayarku, Hamida, na rubuta, na ce a liƙa wa kowacce, da nufin a gyara daga baya. Na ɗauka na'ura ta kwafa wa kowa nata. Ashe ba ta kwafa ba. Sunaye goma sha ɗaya, amma dukansu garka guda suke nunawa. Da rijiyar Hamida ta rufta da damina aka rubuta mata ba ruwa, sai ya hau kan kowa."

"Wato kwano guda kika ba mu, kika rubuta sunanmu duka a gindinsa?"

"Haka ne, Inna."

"Kuma don wannan aka tura ki lakkwal karatu?"

Zakari ya ce a mayar kawai, a rubuta akwai ruwa. Nafisa ta ce in ta yi haka har Hamida za ta koma mai rijiya, sai ta ware wa kowacce nata daban. Ta ce amma ba ta san garkunan ba.

Ni na san su. Na zauna na karanto mata daga ka: Lailatu rijiya biyu gare ta, guda mai gishiri. Ta Ummul tana ja baya da rana, ta dawo da safe. Halima da ƙanwarta guga guda suke ja, garka kowa da tata. Har muka ƙare. Na ce ta sake taɓa na Hamida in gani. Ta taɓa, ta ce sauran ba su motsa ba. Ban iya karatu ba, don haka na sa ta fiddo takarda, na kai wa mai gadin ƙofa ya karanta min suna bayan suna. Daidai.

Na komo na ce, "To, iri."

Zakari ya buɗe hannu. "An gama rabo, Inna. Baɗi ku ne na farko."

"Baɗi zan zuba wa jikokina a tukunya?"

Na ce ai da na shigo na ga akwatunan iri jere cikin magaza, ɗakin ajiyarsu. Ya ce waɗannan na garkar gwaji ne, wadda baƙi daga Yamai za su zo gani. Na tafi na zauna bakin ƙofar magazar, na miƙe ƙafafu, na ce baƙin su zo su iske ni, ni zan nuna musu takardar da kaina.

"Inna, ki ji tsoron Allah."

"Kai ka fara."

Har azahar ina nan. Nafisa ta kawo min ruwa, na sha don ba ruwan ne ya cuce ni ba. Na ji ta ciki tana ce mishi in bai ba mu ba, ita za ta rubuta wa manyan purjen a Yamai abin da ya faru da hannunta.

Akwati shida ya saki. Mu goma ne masu ruwa, kowacce akwati guda ya kamata ta samu. Muka yanka irin ƙanana yadda zai kai, muka shuka a makare da kwana tara. Rabin garkata na nan fayau, takin da na zuba yana ƙonewa a rana.

Ranar kasuwar Filinge zan koma kan huɗun da suka rage. Lailatu da Ummul sun ce da su za a je.