Askin Zahara'u

Ran wata Talata aka haifa wa Malam Attahiru jika a Kebbe, haɓarta a shige ciki, daga ranar kuwa zama ya gagare shi.

Tsohon malamin makaranta ne a Tambuwal. Tun da matarsa ta rasu ya rage daga shi sai littattafansa, da gara mai karanta su fiye da 'yan unguwa. Da matar na raye, da 'yarsu Nasiha ta zo gida haihuwar fari da wankan jego kamar kowace mace. To, wa zai dafa mata ruwa? Shi ya sa ta haihu a gidan miji, a hannun uwar mijinta, Inno.

Jaririyar in aka kwantar da ita rigingine sai ta yi ta gurnani, ƙirjinta na lotsawa, leɓɓanta su yi duhu. Inno ta ce beli ne, a kira wanzami ya cire.

"Awo," in ji Attahiru. "Kowace cuta ta garin ga beli ce. Ko akuya ta yi tari, beli ne."

Ya sa aka ɗauki mota zuwa asibiti a birnin Sakkwato. Can likita ta yi musu bayani: muƙamuƙin ƙasa bai gama girma ba, don haka harshe ke faɗawa baya ya toshe hanyar iska. Ba sai an yanka ba. Aka auna bakin yarinyar, aka ƙera wata 'yar roba daidai ganɗarta, mai ɗan wutsiya a baya da ke tura harshe gaba. Wayoyi sirara suka fito ta kan leɓen sama, aka manne su a goshi da filasta. Gurnani ya ɗauke. Aka koya wa Nasiha cirewa da wankewa da mayarwa har hannunta ya saba, aka ce kada a bar bakin ba robar sai ɗan lokacin wanki, har haɓa ta biyo.

Suna kwance a asibiti ranar suna ta zo, aka raɗa mata Zahara'u a Kebbe ba ta nan. Aski aka ɗage sai sun dawo.

Da aka sallame su, Attahiru ya koma Tambuwal ya kasa karatu. Ya buɗe littafi, ya rufe, ya leƙa zaure, ya dawo. Ran nan da hantsi yana shan koko sai mijin Nasiha, Kamilu, ya bugo waya daga kasuwar Jabo inda yake awon gero.

"Baba, an gode Allah, yau Atu wanzami ka yi ma yarinya aski."

"Wa ag gida?"

"Inno na nan, da mata."

Attahiru ya ajiye ludayi. Aski daga goshi ake farawa, filasta kuwa a goshi take. Ana aski kuma jariri na rigingine a cinyar kakarsa. Ya kira lambar Nasiha, ba ta shiga. Ya sake, ba ta shiga. Ya san kuma ko tana tsaye a wurin ba za ta ce uffan ba: jaririyar 'yar fari ce, uwa ba ta nuna ta damu da ɗan fari a gaban surukai, ko sunansa ba ta faɗa.

Ya tare ɗan kabu-kabu, ya haye bayan mashin. Damina ta cinye hanyar Kebbe, ramuka cike da ruwa, ga shanun Fulani sun tsare wani kwari ba su da niyyar gaggawa.

"Baba, ka bar dukan kafaɗata, ba jaki ni ke ba."

"Da jaki ne da mun isa."

Suruki ba ya wuce zaure. Attahiru ya wuce. Mata suka yi ta jawo mayafi. A gindin darbejiya ya tarar da Inno zaune a tabarma, jaririya a cinyarta, Atu a tsugune yana bin kan da aska, rabi ya yi fes. Robar na cikin tasa a gefe, wayoyinta a sama kamar ƙahon fara.

"Malam, lale! Ka ga amaryarka," in ji Inno da fara'a. "Mun cire mata linzamin ga ta huta. Dubi yadda ta yi lamo, ko kuka babu."

Shirun ne ya tsorata shi. Ƙirjin yarinyar na shiga yana fita, amma ba sautin iska. Ya ga robar, ya tuna bai taɓa koyon saka ta ba; bayani kawai ya haddace.

Labule ya yi sama. Nasiha ta fito ba ɗankwali, ta ture hannun wanzami har aska ta faɗi, ta fizge ɗiyarta daga cinyar uwar mijinta. Ta kifa ta a hannu, ta tallafo haɓar.

"Zahara'u! Zahara'u, ɗiyata!"

"La ilaha!" in ji wata tsohuwa. "Ta kira sunan!"

Yarinyar ta ja iska da wani ƙara kamar an buɗe tsohuwar ƙofa, sannan ta tsala kuka. Nasiha ta ɗauraye robar, ta zura, ta lalubo filasta a haɓar zanenta ta manne a kan rabin askin. Duhun leɓɓan ya fara washewa.

Atu ya tsince askarsa yana karkaɗewa. "To, sauran rabin fa?"

"Ka bar mata shi," in ji Attahiru. "Ta yi kitso da shi."

Inno ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon tasar, sannan ta tashi ta shige ɗaki. Mata suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, suna waiwayen Nasiha.

Hadari ya haɗo daga gabas, ɗan kabu-kabu na ta danna oda a waje. Nasiha ta rako mahaifinta zaure, yarinya kife a ƙirjinta tana numfashi lafiya lau. Ta durƙusa, kanta a ƙasa.

"Baba, na ba ka kunya gidan mutane."

Ya dube ta. Ita ma 'yar farinsa ce. Tun da aka haife ta "ke" yake ce mata, ko "yarinyar nan". Maganar ta zo masa har bakin harshe ta tsaya.

"A riƙa wanke abin da ruwan ɗumi," ya ce, ya hau mashin.

Haɓar Zahara'u ta fito kafin wata daminar, aka ajiye robar. Attahiru ya ga wannan, ya kuma rayu bayansa, yana zuwa Kebbe yana tsayawa a zaure. Har aka kai shi makwanci bai ce mata ba: Nasiha, kin yi daidai.