Yarinyar da Baba Mai Faci Ya Ɓoye

"Ina take?" in ji Dogo, mai gadin sito. Ya sa ƙafa ya kifar da bahon ruwan da Baba Mai Faci ke gwada tayoyi a ciki.

Ina shagona na ɗinki a tsallaken titi, na ɗauke ƙafa daga kan keke. Ɗazun nan a idona wata yarinya ta diro daga katangar siton da ke bayan rumfar Baba. Ba ta fi shekara tara ba. Ta rarrafa ta shige tsakanin tsofaffin tayoyi. Baba ya ja buhu ya rufa mata, ya ci gaba da aikinsa.

Kowa a layinmu ya san abin da ake yi a siton nan. Motar kaya kan shigo rufe da tamfal, ta sauke yaran da aka karɓo daga hannun iyayensu da sunan makaranta. Aikinsu fasa matattun batura da guduma, su ciro dalma, ruwan batir yana cin hannuwansu. Mai shayin da ya taɓa kai ƙara, washegari toka ya tarar a gurbin teburinsa.

"Wa kake nema, ɗan nan?" in ji Baba.

"Kada ka raina mini hankali, tsoho. Kayan maigida ce."

"Kaya? Ni dai tayoyi nake gani. In faci ka zo yi, kawo."

Dogo ya nufi buhun. Baba ya miƙe da ƙyar, da ma gwiwa ta daɗe tana damunsa, ya tare hanya da ƙarfen cire taya a hannu.

"Ba ka wucewa."

Fizga ɗaya Dogo ya yi ya ƙwace ƙarfen. Dukan farko a kafaɗa ya sauka, har shagona na ji ƙarar ƙashi. Na biyu a ka. Jini ya wanke wa Baba fuska, ya yi baya ya faɗa kan tulin tayoyin, ya buɗe hannuwa ya rungume su. Dogo ya riƙa jan ƙafarsa yana tattaka masa haƙarƙari. Baba bai saki ba.

Ban san lokacin da na fito ba takalmi ba.

"Jama'a, za a kashe shi! Ku fito, za a kashe Baba!"

Masu babura suka fara zuwa, sai kanikawa da sandunan ƙarfe. Wani dutse ya fasa wa Dogo baki, ya yar da ƙarfen ya ruga cikin sito ya danna sakata. Ranar babu wanda ya koma shagonsa. Aka ɓalle ƙofar. Dogo ya haura ta baya, maigidansa ma ba a gan shi ba. Yara muka tarar zaune a ƙasa, gudumomi a gabansu, biyu daga ciki an haɗa ƙafafunsu da sarƙa ɗaya. Ko motsi ba su yi ba, suna jiran a ce su ci gaba.

A asibiti, ni da Inna, matar Baba, muka zauna a gefen gadonsa. An ɗinke masa kai, numfashinsa yana fita da ƙyar.

"Tela," ya ce da ni, "kin ga yau ni aka yi wa faci."

"Ka yi shiru, Malam," in ji Inna, tana goge masa leɓe. "Kai ko yanzu sai ka yi surutu?"

"Yarinyar fa?"

"Tana gida," in ji Inna. "Na yi mata wanka."

"To, a ba ta abinci. Kada a tambaye ta komai tukuna."

Bai ƙara magana ba. Kafin la'asar ya cika.

Hukuma ta kwashe sauran yaran, ana neman iyayensu. Ita kuwa yarinyar da Baba ya ɓoye ba ta san sunan garinsu ba, abin da kawai take tunawa akwai kogi a bayan gidansu. Inna ta roƙa a bar mata ita kafin a samu danginta, aka yarda.

Da masu gaisuwa suka ragu, na leƙa ɗakin Inna da rana. Yarinyar tana barci a kan tabarma, ta dunƙule guntun burodi a hannu. Inna ta sunkuya a hankali za ta zare mata shi, yatsun suka ƙara matsewa. Sai ta bar mata, ta ɗauki mafici ta zauna tana kore mata ƙuda.