Jinin Husna Cikin Ƙanƙara

Tun da suka sauka a asibitin Gusau daga Rawayya, Inna Yelwa ba ta ga abin da ya kwanta mata ba. Ita da ta tsufa a bayan shanu, ba ta taɓa yarda da mai fararen kaya ba, balle wanda ya zuƙi jinin 'yarta Husna har kwalba uku yana murmushi. Abin da ya fi tsaya mata a rai, a gabanta ya tsoma kwalba ɗaya cikin ƙanƙara. Wa ke sa jini a ƙanƙara in ba mai niyyar sayarwa ba?

Husna kuwa cikinta uku sun zube, wannan na huɗu wata biyar, ga ƙafar hagu ta kumbura ta yi sumtum. Shi ya sa Yelwa ta haɗiye maganarta har suka shiga wurin Likita Madina.

"Ina za ku kai jinin?" ta tambaya ko zama ba ta yi ba.

Likitar ta ce akwai wani abu cikin jini da ake kira homosistin. In ya yi yawa, jini kan dunƙule a jijiya, ciki kan zube. Ƙanƙarar don kada awon ya ɓaci ne, kuma sai an aika da shi nesa, mako biyu kafin amsa ta dawo.

Yelwa ta taɓe baki. Ga suna kamar na aljani, ga amsa sai bayan jini ya yi nisa.

"Inna, wani lokaci abin yana bin gida," in ji likitar. "Cikin 'ya'yanki akwai wanda ƙafarsa ta taɓa kumbura haka, ko ya rasu farat ɗaya da ƙuruciyarsa? In akwai, ba zan jira komai ba, yau zan kwantar da ita."

"Babu," in ji Yelwa. "Ɗiyana huɗu, duk lahiya lau."

Biyar ta haifa. Amma ɗan fari ba ya shiga lissafin uwa a gidansu. Ba a kiran sunansa, ba a nuna an san da shi, tun yaye ma kakarsa ta ɗauke shi zuwa wajen Tsafe. Ko ranar da aka aiko ya rasu yana ɗan shekara ashirin da uku, Yelwa tana tatsa, ta ci gaba da tatsa, mata suna yaba kunyarta. Sai daga baya matar da ta yi jinyarsa ta ba ta labari dalla-dalla. Husna tana goye a lokacin, abin da ta sani kawai ya rasu a wurin kiwo.

To yanzu wannan yarinyar birni, da biro a hannu, ita za ta tone wannan? Me za ta yi da shi in ta rubuta? Yelwa ta zuba mata ido tana neman alamar mugunta, ba ta samu ba, kuma hakan ma ya ƙara mata haushi.

Likitar ta ce a yi hoton ƙafar jibi, ta miƙo takarda. Husna ta yunƙura za ta tashi, ta dafa ƙirji ta yi ɗan tari.

Tsoro ya kama Yelwa, irin wanda ba ta taɓa ji ba.

"Akwai wani yaro," ta ce, idonta a ƙasa. "Ƙahwatai ta tak kumbura, ta hagu. Kwana shidda, sai tari da jini. Bai kai azahar ba."

Likitar ta janye takardar, ta ƙwala wa nas kira a kawo gado.

"Yaron nan, Inna, mene ne shi a wurinki?"

Husna tana kallon uwarta. Yelwa ta ja mayafi ta rufe baki, amma an ji ta.

"Ni na haihe shi."