Wutar Ɓawon Kwakwa

Shekara ashirin Damata na dafa shinkafa da wake a bakin babbar kwatar unguwar Nima, hayaƙin icce na cin idanunta har suka koma jajur, kullum cikin hawaye. Ran da likita ya ce ta bar hayaƙi ko ta makance, ɗanta Nashiru, bakanike a Abossey Okai, ya yanke hukunci.

"Mma, wata ɗaya na ba ki. In na dawo na tarar da hayaƙi, a kaina zan ɗauke tukunyar nan."

To, raba Damata da tukunya ai raba ta da rai ne. Ga shi shekarar gobarar daji ce, gawayin arewa sai wane da wane. Sai ta tuna maƙerin zinariya na layinsu, da gawayin ɓawon kwakwa yake aiki, kuma ba ta taɓa ganin hayaƙi a rumfarsa ba.

Ta ɗauki buhu, ta bi masu sayar da kwakwa har unguwar Tudu tana tsintar abin da suka yar. Maƙwabciyarta Ƙaltume ta riƙe haɓa. "Yaya Damata, bola kuma kika koma?"

Ko kallonta ba ta yi ba. Ta kankare ɓawon, ta shanya, ta ƙona a tsohon duro, ta rufe ta liƙe bakin da laka. Gawayi ya fito baƙi wuluk, yana ƙara kamar tangaran.

Amma kash! Hannu ya saba da icce, sai ta cika murhu fal. Kafin ta juya wake ya ƙone ƙurmus, ƙauri har unguwar Maamobi. Ranar ta yi kuka, na takaici zalla, Ƙaltume na dariya har da riƙe ciki.

"Ni ce wawuya," in ji Damata. "Wutar da ke narka zinariya zan cika wa murhu fal?"

Washegari tafi uku kawai na gawayin ta zuba. Wuta ta riƙe har azahar, ba hayaƙi, toka ɗan kaɗan, gindin tukunya fes.

Da wata ya cika Nashiru ya zo, ya zagaya murhun yana shinshina, bai samu abin kamawa ba. Damata ta ƙura masa busassun idanu, ta daɗe tana kallonsa.

"Kai, Nashiru," ta ce, "yaushe ka yi furfura ban gani ba?"