Ɗalibin da Ya So Ya Faɗi

Tun da aka sallamo Malam daga asibiti da ciwon zuciya, mutum ɗaya ke hawo matakalar benensa ba don ɓatan ƙofa ba. Wata nas ce 'yar siririya da asibiti ke turowa duk Talata, da jaka mai nauyin tsiya da takalmi mai ƙara. Matarsa ta rasu da jimawa. 'Ya'yansa biyu suna can inda aiki ya kai su, suna kira idan sun tuna, kuma ba su cika tunawa ba. Maƙwabta kuwa irin na bene ne, a gaisa a matakala kowa ya ja ƙofarsa.

Saboda haka Talata ta zama ranar Malam. Da sassafe zai share ɗaki, ya sa rigar da yake sawa lokacin yana shugaban makaranta, ya kasa kunne. Sauran kwanakin mako kuwa sai ya wuni bai buɗe baki ba in ba don shan magani ba. Kaɗaici ya ci shi ƙwarai, amma da ka ji haka a bakinsa gara ka ji mutuwarsa.

Nas ɗin ta koya masa abubuwa. Ya hau sikeli kowace safiya kafin ya ci komai. Ya danna yatsa a ƙwaurinsa ya ga ko wurin ya lotsa, don ruwa ne ke taruwa idan zuciya ta gaji. Ya yi sallama da gishiri. Malam, wanda ya ƙare rayuwarsa yana zane yara a kan rashin mai da hankali, ya ɗauki karatun da zafi. Abin da aka faɗa masa sau ɗaya ba a maimaitawa.

Wata Talata ta zo da takardu cike da jaka, idonta ya yi ja.

"Lafiya, 'yata?"

"Karatu ne, Baba. Ƙarin karatu nake yi, an ba mu aikin feɗe wani ra'i na jinya, wato tsarin tunanin da masana suka shimfiɗa. Kaina kamar zai fashe."

"Kawo mu gani. Wane irin ra'i?"

"Matsakaici ake ce masa. Bai kai manyan nan masu son su bayyana duk aikin jinya ba, bai kuma tsaya a kan cuta ɗaya ba. Abu guda ya kama, yadda mai doguwar cuta zai kula da kansa. Ya kiyaye lafiyarsa, ya lura da jikinsa, in ya ga canji ya ɗauki mataki."

"Duwatsun murhu ke nan," in ji Malam. "A cire ɗaya tukunya ta kife."

Ta yi dariya, ta ce za ta saci maganar. Shi kuwa tuni ya jawo jan bironsa. Daga ranar ziyara ta ƙara tsawo. Ta auna shi, shi kuma ya auna rubutunta. Ya tsare ta da tambaya irin ta mugun malami: me kalmar nan take nufi, ina hujja, shin ra'in zai yi aiki a kan wanda bai iya karatu ba? Ta yi ta ƙorafi wai ya fi malamanta tsanani, shi kuma daɗi kamar ya kashe shi. Rabon da wani ya nemi wani abu a wurinsa har ya manta.

A cikin wannan gyare-gyaren ne ya yi tambayar da ya yi da-na-saninta.

"To ra'in naku, idan majiyyaci ya iya duka ukun, sai me?"

"Sai a cire shi daga ziyara, a ba wani gurbinsa. Ai nasarar ke nan, Baba. Kai ma mako mai zuwa za a duba ka, na san ba za ka ba ni kunya ba."

Ta faɗa tana zuge jaka, ko kallonsa ba ta yi ba. Malam ya ce madalla. Sai da ƙarar takalminta ta ɓace a matakala sannan ya zauna a bakin gado. Ashe duk ƙoƙarin nan da yake yi, kan hanyar rabuwa yake gudu. Shi da ya yaye ɗalibai ba adadi, ya manta cewa wanda ya ci jarrabawa shi ke barin aji.

Ya ƙudura zai faɗi. Kuma wa ya fi shi sanin yadda ake faɗuwa? Ya ga daƙiƙai iri-iri, masu sosa ƙeya, masu kallon rufi kamar a can aka rubuta amsa, masu cewa sun sani amma ta ɓace. Tsoho da furfurarsa ya tsaya gaban madubi yana gwada fuskar rashin sani. Har ya ɗauko gwangwanin gishiri wata rana, don ƙafa ta kumbura ta yi masa shaida. Ya juya shi a hannu, ya mai da shi. Wanda ya mutu ran Litinin ba ya ganin Talata.

Ranar ta zo, sai ya ji tafiyar mutum biyu a matakala. Nas ta shigo, a bayanta wata mata babba mai tabarau, tana haki tana tsine wa wanda ya ƙirƙiro bene. Malamarta ce. Bayan gaisuwa matar ta nemi wurin wanke hannu, nas ta matso kusa da shi ta rage murya.

"Baba, yau ba kai kaɗai ake dubawa ba, har da ni. Kai ne misalin da na gina rubutuna a kai. In ba ka iya ba, ni ce ban iya koyarwa ba, sai na maimaita shekara." Ta yi murmushin ƙarfin hali. "Amma ai kai ne, hankalina kwance."

Hankalinta ba kwance yake ba. Ya sha ganin irin wannan murmushin a ɗakin jarrabawa.

Malamar ta zauna, ta gyara tabarau.

"Baba, me ya sa kake hawa sikeli kullum?"

Malam ya kai hannu ƙeya. Ya ɗaga kai ya kalli rufi, kamar yadda ya gwada. Da ya sauko da ido sai ya faɗa a kan fuskar yarinyar, bakinta a ɗan buɗe, tana motsa leɓe da amsar kamar uwa a bayan tagar aji. Ya ji kunya ta rufe shi.

Ya sauke hannunsa, ya gyara zama.

"Saboda ruwa yana riga kumburi zuwa, ranki ya daɗe. Sikeli yana ganinsa kafin ido ya gani."

Daga nan kuma sai magana ta ɓalle. Abin da aka tambaya ya amsa, wanda ba a tambaya ba ma ya ƙara. Ya nuna yadda ake danna ƙwauri. Ya jero magungunansa da aikin kowanne, ya faɗi lokacin da mutum zai jira da lokacin da zai nufi asibiti ko takalmi bai sa ba. Malamar ta daina rubutu, ta zuba masa ido.

"Saura ɗaya," ta ce. "Ra'in ya ce kula da kai ba ya tsayawa sai da mutane a gefe. Ɗalibata ta rubuta kana da 'ya'ya masu kula da kai. Haka ne?"

Shi ya faɗa wa nas ɗin haka tun ranar farko, don kada a raina masa yara. Yanzu kalma ɗaya ta gaskiya ta isa a bar shi a cikin ziyara. Ta kuma isa ta nuna yarinyar ta yi wata da watanni tana shiga ɗakin nan ba ta ga abin da ke gabanta ba.

"Haka ne," in ji Malam. "Ba sa barina in huta."

"Ma sha Allah. Wannan ai ba ya bukatarmu." Ta juya ga nas. "Kin yi aiki."

A bakin ƙofa yarinyar ta durƙusa, idonta ya ciko da murna.

"Baba, ka fitar da ni kunya. Wallahi zan riƙa leƙowa."

"Na sani, 'yata. Allah Ya yi miki albarka. Yi maza, kada malamarki ta jira."

Ya san irin wannan alkawarin. Da zuciya ɗaya ake yin sa, sai dai aiki ba ya barin a cika.

Ya tsaya a taga har suka fito titi. Yarinyar ta riga ta kara waya a kunne, tana dariya, tana ba wani labari da hannu da ƙafa. Ya jira ko za ta ɗago kai, ba ta ɗago ba. Ya yi mata murna har cikin ransa, kuma bai taɓa jin kaɗaici irin na wannan lokacin ba. Da suka sha kwana ya rufe tagar, ya je ya ɗebo ruwa, don lokacin maganin rana ya yi.